Yadda Na Kai Iya Alheri London

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a Islamiyya, har a layin tantance 'yan fansho, duk wadda ta gan ni sai ta riƙe min hannu: "Malama Asabe, yaya London ɗin?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma kullum sai na koma gida in tuna na tsallake wani abu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata.

Ga wadda ba ta san mafarin ba. Bayan na yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare a Tudun Wada ta Zariya, sai na shiga bin tsofaffin matan unguwarmu ina rubuta abin da suka tuna: masu kaɗi, masu ƙuli-ƙuli, unguwarzoma, da matar da ta fara sayen keken ɗinki a layinmu. Na haɗa ɗan littafi, na buga shi a wata ƙaramar maɗaba'a a Sabon Gari, na raba wa dangi da tsofaffin ɗalibaina. Babi mafi tsawo na kakata ne, mahaifiyar babanmu, Iya Alheri. A ciki na rubuta abin da kowa a gidanmu ya sani amma ba mai faɗa. Ba a Zariya aka haife ta ba. Kamo ta aka yi tana ƙaramar yarinya daga wani ƙauye a duwatsun kudu, kafin zuwan Turawa, aka sayar da ita. Daga baya aka 'yanta ta, kakanmu ya aure ta.

Nafisa, 'yar ƙanena marigayi, nas ce a London. Ta tafi da kwafi ɗaya. Wata rana tana karantawa a lokacin hutunta, sai wata tsohuwar Baturiya da ta zo dubiya ta tambaye ta wane harshe ne wannan. Sunanta Jean, tsohuwar ma'aikaciyar laburare ce, kuma tana da 'yar maɗaba'a da ba ta buga komai sai tarihin iyalai da unguwanni. Da ta ji abin da ke ciki sai ta roƙi a fassara mata shi, Nafisa ta shekara tana fassara littafin a ranakun hutunta. Sai ga takardar gayyata: za a buga shi da Hausa da Turanci, kuma in zo in yi karatu a taron ƙananan maɗaba'u. Ranar da takardar ta zo, tuwona ya ƙone.

Biza ta kai ni Abuja sau biyu. Na dangwala yatsu goma, aka ɗauki hotona ba murmushi, na jira har na fara cire rai, sannan fasfo ya dawo da tambari. Jirgi kuwa, kafin wannan sau biyu kawai na taɓa shiga, zuwa Makka da dawowa, kuma can a cikin 'yan uwa nake, ana ta hira da addu'a. Wannan karon kowa ya toshe kunne yana kallon ɗan talabijin ɗinsa. Aka kawo min abinci a faranti mai ɗakuna-ɗakuna, na ci burodin da man, sauran na bar musu.

Da muka sauka na bi layi mai tsawo har gaban wani jami'i matashi. Ya buɗe fasfo ya ce me ya kawo ni. Na miƙa masa takardar Jean, na ce da Turancina na hedimasta, "Littafina za a buga." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ashe marubuciya ce ke." Jama'a, shekarata sittin da bakwai, an kira ni Malama, an kira ni Hajiya, an kira ni Goggo, amma ba wanda ya taɓa kirana marubuciya sai wannan yaron da ban san sunansa ba. Na wuce ina tafe kamar ba a ƙasa nake takawa ba.

Murnar ba ta kai ni ƙofar fita ba. A wurin duba kaya na faɗi gaskiya cewa akwai abinci a akwatina. Wata mata mai safar hannu ta buɗe, ta zaro ƙunshin kilishi babba da na yi wa Nafisa tsaraba, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Laifina ne, an gaya min na ɗauka wasa ne. Ta ajiye shi gefe. Sai ta kwance ledar daddawa. Ta ja baya taku biyu, abokin aikinta ya juyo daga can nesa. Na ce mata ɗorawa ce, itace ne, miya ake yi da ita. Ta ɗaure ledar da sauri ta mayar min, ta ce in tafi lafiya. Kuka da kuɓewa ma ba ta ƙara taɓa su ba.

Nafisa tana jirana a waje. Ta rungume ni tana cewa, "Goggo! Na yi booking ɗin mota amma an yi cancel, sai dai mu bi tube." Tube ɗin nan jirgin ƙasa ne da ke tafiya a ƙarƙashin gari. Kafin a kai gare shi sai an hau matakala mai tafiya da kanta, doguwa kamar za ta kai mutum rijiya. Na tsaya a bakinta na ƙi sa ƙafa, mutane suka taru a bayana, ba wanda ya ce uffan, sai numfashi da suke saukewa. Ƙarshe na ce bisimilla na rufe ido na taka. A cikin jirgin na yi wa wanda ke gefena sallama da Turanci, ya dube ni kamar na tambaye shi wani abu mai wuya, ya koma kan jaridarsa. Gabana kuma ga wani kare zaune a kan cinyar uwargijiyarsa, sanye da riga.

Masaukina Thamesmead ne, inda Nafisa ke da flat na council, wato gidan haya na hukuma, a hawa na bakwai. Unguwa ce ta dogayen gidajen kankare, ga tafki a tsakiya, jirgi bai kai can ba sai an ƙarasa da bas. Ina fitowa daga lif na ji ƙamshin miyar agushi da soyayyen manja, na ce wa Nafisa, "Ke, anya ba Sabon Gari kika kawo ni ba?" Amma ƙofofi duk a rufe. Washegari da hantsi na yafa mayafi zan shiga gaida maƙwabta, Nafisa ta biyo ni da gudu. "Goggo, ba a yin haka a nan! Sai kin yi waya tukuna." Na riga na ƙwanƙwasa. Matar ta buɗe kaɗan da sarƙa a jikin ƙofar. Bayarabiya ce. Da ta ji daga Zariya nake sai ta zare sarƙar ta ce, "Sannu da zuwa, Mama!" Ashe a Giwa ta yi bautar ƙasa. Shekara huɗu suna maƙwabtaka da Nafisa ba su taɓa sanin haka ba.

Abin da ya fi rikita ni shi ne rana. Lokacin zafinsu na je, sai ka yi la'asar ka zauna jiran magariba, ka gaji, ka sake alwala, rana na nan tsaye. Abinci kuwa ban sha wuya ba. Nafisa na tuƙa tuwo da garin shinkafa na leda, ni kuma na karɓi miya. Ta saya min soyayyen kifi da dankali irin nasu, a naɗe cikin takarda, da ruwan tsami a kai. Kifin ya yi daɗi, sai dai na nemi yaji na barbaɗa. Wanda na kasa shi ne burodi mai sanyi da ganye a tsakiya, wanda suke ci a tsaye da rana su ce sun ci abinci.

Kwana uku da zuwana muka tafi Whitechapel wurin Jean. Muna fitowa daga tasha na ga kasuwa a bakin titi, mata da hijabi, masu sayar da atamfa da kayan miya, ga hasumiyar masallaci a can gaba. Maɗaba'ar ɗaki ɗaya ce a saman wani shagon yadi, matakalarta ƙunci. Jean 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, tabarau rataye a wuya. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce "sannu", kalmar da ta kwana tana koya. Ta zuba min shayi, ba madara sosai, da biskit biyu a faranti. A gida in baƙo ya zo daga wata ƙasa ai sai an yanka kaza, amma na ga murnar da ke fuskarta, na san an karɓe ni.

Ta shiga nuna min littattafanta, duk ƙanana, wasu ba su fi kaurin littafin rubutu na 'yan aji uku ba. Wannan wata mata ce ta rubuta a kan babanta da ya ƙare rayuwarsa yana sauke kaya daga jiragen ruwa. Wancan na wani tela ne da ya zo daga Bangaladash da keken ɗinki ɗaya. Ga na wani layi guda, gida-gida, wa ya zauna, wa ya tashi, wa ya buɗe gidan burodi. Ga na wata 'yar Jamaika da ta yi aikin karɓar tikiti a bas. Jean ta ce, Nafisa na taya ni inda Turancinta ya yi min sauri, "Manyan maɗaba'u suna da masu mulki da masu yaƙi. Ni nawa su ne waɗanda suka dafa musu abinci." Na ce mata a garinmu ma haka ne, ana haddace sunayen masu gari har kaka na goma, amma ba wanda zai gaya maka wa ta haƙa rijiyar unguwa.

Sai ta jawo aljihun tebur ta miƙo min kwafin gwaji. A bangon littafin ga Iya Alheri, hotonta ɗaya tilo da muke da shi, tana zaune a kan turmi, da zanen fuskarta da bai yi kama da na kowa a gidanmu ba. Hausa a shafin hagu, Turanci a na dama. Na zauna a kan kwalin littattafai na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka. Jean ta ce taro ranar Asabar ne, Litinin kuma za a kai wa masu injin su buga. Daga nan muka wuce masallaci muka yi azahar. A sahun mata, Basomaliya a damana, 'yar Bangaladash a haguna, ni a tsakiya da littafin a jaka.

A daren nan kafin mu ci abinci wayata ta yi ƙara. Yaya Garba ne, babban wanmu. Ɗan kasuwar auduga ne, Allah ya buɗa masa, yana da gida a London inda yake zuwa duk shekara ganin likita, jikokinsa kuma a can suke karatu. Nafisa ta sa hoton bangon littafin a guruf ɗin dangi na waya, shi ne ya gani. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce gobe da azahar in same shi a wani gidan shayi a Aldwych.

Nafisa tana da aiki, don haka ta rubuta min lambobin bas a takarda, na tafi ni kaɗai. Na farko na hau daidai. Na biyu na hau shi a ɗaya gefen titin, ya yi ta tafiya da ni har na ga gidaje sun canja kama. Na fito da takardar ina jujjuyawa, na ce a fili, "Innalillahi, na ɓata." Sai na ji murya a bayana: "Hajiya, ina ka ke tafi?"

Na waiga ina neman namijin da ake wa magana. Ashe ni ce. Wata mata ce kakkaura mai fara'a, da ɗankwali da rigar aiki. Sunanta Memuna, daga zangon Kumasi a Gana, tana aikin share ofisoshi a wata jami'a da ke Aldwych ɗin. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Ta taso daga aiki za ta gida, amma da na nuna mata takardar sai ta miƙe. "Ka sauka nan, ni zan kai ka, wurin aikina ne." A hanya na ba ta labarin littafin. Ta buga cinya ta ce, "Kakana daga Kano ya zo da fatake, neman goro. Matansa uku, duka ya mutu, ba wanda ya rubuta komai. Yarana ya tambaye ni, ba ni da amsa." Na gayyace ta taron. Ta kai ni har ƙofar gidan shayin, ta ce, "Asabar zan zo, zan kawo abinci. Turawa biskit kawai zai ba ka."

Yaya yana zaune a lungu da sandarsa, cikin farar shadda da hula, ga motocin bas jajaye suna ta wucewa ta bayan gilashi. Na durƙusa na gaishe shi, mai kawo shayi ya tsaya yana kallonmu. Ya tambayi gida, ya tambayi hanya, sannan ya ajiye kofi.

"Asabe, na Hausa da kika buga na gani, na yi shiru. Na ce a gida zai tsaya. Yanzu kuma Turanci? Da hotonta a gaba?"

Na ce, "Yaya, ba ƙarya a ciki."

"Ban ce akwai ƙarya ba. Jikokina a garin nan suke makaranta. Surukaina suna karanta Turanci. So kike a nuna su a ce ga jikokin baiwa? Kakanmu malami ne, ɗan malamai. Me ya hana ki rubuta wannan?"

"Shi an san shi, Yaya. Ita ce ba a sani ba. Ita ta goya ka, ita ta goya ni."

Ya ture kofinsa gefe. Sannan ya ce, "Ki cire babin nan. In kika karanta shi a gaban mutane, kada ki ƙara taka gidana, nan ko Zariya." Tun rasuwar babanmu shi ne ubanmu, ban taɓa musa masa ba. Na ce ya ba ni kwana biyu. Shayin da ya saya min ko kurɓa ban yi ba.

Na gaya wa Jean ta waya. Ta ce littafina ne, dangina ne, in na ce a cire za ta cire kafin Litinin, kuma ba ni ce ta farko da hakan ta faru da ita ba. Kusan duk littafin da ke ɗakinta, in ji ta, akwai wani ɗan uwa da ya yi fushi a kansa. Nafisa kuwa ba ta sassauta ba. "Goggo, in aka cire babin Iya, a cire sunana daga fassarar. Ni saboda shi na yi aikin." Safiyar Juma'a na sauka bakin tafkin na zauna a benci ina kallon agwagi. Na yanke cewa a taron zan karanta babin masu ƙuli-ƙuli, wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba, maganar cirewa kuma in bar ta sai Lahadi.

Taron Asabar, wayyo, da ma kuna nan! Wani zaure ne na unguwa a Whitechapel, tebura a jere, kowane da 'yar maɗaba'arsa da tsofaffinsa. Wani ya rubuta tarihin ƙungiyar ƙwallon layinsu, wata ta tattara wasiƙun kakarta, wani tsoho ya bi ni da littafinsa a kan masu gyaran agogo har sai da na karɓa. Memuna ta iso da ƙatuwar tukunya ta shinkafa da wake irin tasu, da baƙin yaji mai kifi, kafin a fara karatu Turawa sun yi layi suna ci suna share hawaye. Matan Arewa ma sun zo su shida da 'ya'yansu, ina yi wa yaran Hausa suna gane komai suna amsa min da Turanci.

Aka kira sunana. Na hau na buɗe littafin. Ina karanta Hausa, Nafisa na karanta Turanci. Da na zo inda matan ke faɗa a kan wadda ta fi iya matse mai, zauren ya fashe da dariya sau biyu, na farko Hausawa, na biyu sauran. Ina cikin haka na ga ƙofa ta buɗe, Yaya ya shigo da sandarsa ya zauna a kujerar ƙarshe.

Na gama, aka tafa. Sai aka ba da damar tambaya. Wata Baturiya ta ɗaga kwafin gwajin ta ce, "Wace ce wannan matar ta bango? Fuskarta ta hana ni kallon komai."

Na dubi Yaya. Shi ƙasa yake kallo. Ni dai ban iya cewa "wata tsohuwa ce a unguwarmu" ba, bakina ya ƙi. Na ce, "Kakata ce." Na faɗi yadda aka kamo ta, yadda aka sayar da ita, yadda ta haifi babanmu, ta yi sana'ar koko ta ciyar da gida lokacin da kakanmu ya makance. Na ƙare da abin da na rubuta a littafin, cewa ta manta garinsu da harshensu, kuma ba ta taɓa neman komawa ba.

"Wannan ba daidai ba ne."

Yaya ne, a tsaye, ya dogara da sanda. Nafisa ta dube ni, na yi mata alama ta fassara, tunda kowa ya juya.

Ya ce, "Ta nema. Ni na kai ta." Muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce shekarar da ya fara tuƙa motar auduga, yana saurayi, Iya ta kira shi ɗakinta ta ce ya kai ta kudu, kada babanmu ya sani. Aka ce wa gida za ta dubiya Kaduna. Kwana uku suna zagaya duwatsu, tana neman wani dutse mai tsaguwa biyu da rafi a gindinsa. Duk dutsen da suka gani sai ta sauka ta duba ta girgiza kai. Ba su same shi ba. A rana ta uku suka tsaya a wata kasuwar ƙauye, ta ji mata suna ƙirga doya da harshensu, sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta shiga ƙirgawa tare da su har goma. Ya ce, "A hanyar dawowa ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa babanmu ba. Ban gaya masa ba har ya rasu. Ban gaya wa kowa ba." Ya juya ya fita, ko tafin da aka fara bai tsaya ji ba.

Na sauko na bi shi waje, na same shi yana jiran mota. Na ce, "Yaya, ka yafe ni." Bai dube ni ba. Ya ce, "Ban ce na yarda ba. Cewa na yi in za a rubuta, a rubuta daidai. Gobe ki zo gida da yarinyar nan da abin ɗaukar magana."

Jean ta ɗaga bugun da wata biyu ba tare da na roƙe ta ba, har tsalle ta yi a kan matakala. Ranar Lahadi bayan azahar muka je gidan Yaya. Matarsa ta yi mana dambu, Nafisa ta ajiye waya a kan tebur, ya yi magana har la'asar ta wuce. Jikarsa babba, mai karatun lauya, ta zo ta zauna a kan kafet ba wanda ya kira ta, shi kuma bai kore ta ba. Can wajen ƙarshe ya ce a kasuwar nan wata tsohuwa ta kama hannun Iya ta tambaye ta wani abu, Iya ta amsa da kalma ɗaya. A mota ya tambaye ta me ta ce. Ta ce sunanta aka tambaya, wanda uwarta ta sa mata.

"Kasham," in ji Yaya. "Haka ta faɗa."

Na ajiye cokali. Shekara talatin da biyar ina kiran rajista a Tudun Wada, kuma 'yan mata masu wannan suna sun wuce ta hannuna, aƙalla uku, 'ya'yan ma'aikatan reluwe da na asibiti. Ɗaya har na taɓa sa ta sharar fili saboda makara.

Na dawo gida ranar Laraba, akwatina cike da ƙananan littattafan mutanen da ban sani ba, da lambar Memuna, wadda ta ce ta sayi littafin rubutu ta fara da sunan kakanta. Kafin in gama kwance kaya na sa tsofaffin malamanmu cigiya. Cikin mako aka samo min lambar ɗaya daga cikin ɗaliban nan, tana koyarwa a Kafanchan, har ta yi jikoki. Na kira ta.

"Malama! Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, ma'anar sunanta nake so ta gaya min. Ta yi dariya ta ce, "Malama, shekara shida kina kiransa, sai yau?" Ta ce a wurinsu yana nufin abu mai kyau. Na ce ta faɗa min shi yadda ake faɗinsa a gida, a hankali. Da ta faɗa sai na ji ashe duk shekarun nan ban taɓa kiransa daidai ba. Ta maimaita sau uku, ina bin ta, har ta ce, "Yauwa, Malama. Haka ne."